Kare ko mage marar lafiya: sau nawa ne tsutsar ciki ke da hannu?

Mai Karya Ɗaya:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da 'yar karya mai wata biyar wadda yau kwananta goma sha ɗaya tana gudawa, wani lokaci ruwa tsululu, wani lokaci haɗe da majina, kuma duk da cewa tana cinye abincinta tas, haƙarƙarinta ya fara fitowa, gashinta ya dusashe. Na kai bayan gidanta an duba, aka ce mini ba a ga komai ba. Abin da nake son masana su fayyace mini shi ne, a cikin karnuka da magunan da ake kaiwa asibiti ba su da lafiya, nawa ne ake samu da tsutsa ko sauran ƙananan halittun da ke zama a hanji? Idan abu ne da ya zama ruwan dare, zan koma a sake gwajin. Idan kuwa ba kasafai ake samunsa ba, sai in daina ɓata lokaci in nemi dalilin a wani wuri.

Tsohon Mai Kiwon Karnuka:
Wa alaikumus salam. Malam, na fi shekara talatin ina kiwon karnuka, kuma ban taɓa ganin ɗan kwikwiyon da ya rame, cikinsa ya kumbura, aka ba shi maganin tsutsa bai fitar da komai ba. A ganina amsar tambayarka ita ce dukkansu. Ka ba ta magani kawai, ka bar wahalar da kanka da gwaji.

Likitan Dabbobi:
Baba, a kan 'yan kwikwiyo ƙanana maganarka tana da tushe, kuma ya kamata a faɗi dalilin. Macijin cikin kare, wanda a littafi ake kira Toksokara, yakan kwanta luf a naman jikin karya tun tana ƙarama, sai ta ɗauki ciki ya farka ya ratsa ta mabiyiya ya shiga 'ya'yan, don haka da yawansu da tsutsar ake haihuwarsu. Tsutsa mai ƙugiya kuma ta nono take bi. Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyoyin masana irin su ESCCAP ta Turai suka shimfiɗa ita ce a fara ba 'yan kwikwiyo magani tun suna da mako biyu, 'yan maguna kuma tun suna da mako uku, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu har a wuce yaye, ba tare da an jira gwaji ba. Bambancin makon nan ɗaya ma yana da dalili: macijin cikin mage ba ya ratsa mabiyiya, sai dai ta nono.

Inda na rabu da kai shi ne kalmar "dukkansu". Tambayar da Malam ya yi ba ta da lamba ɗaya, domin amsar tana sauyawa gwargwadon shekarun dabbar, da inda take kwana, da ko ana ba ta magani a kai a kai, da yanayin ƙasar, da kuma irin gwajin da aka yi. Babban kare da ke zaune a gida yana shan maganinsa kowane wata ba ɗaya yake da karen da ke yawo a titi a ƙasa mai zafi da damshi ba, inda ba abin mamaki ba ne a sami tsutsa mai ƙugiya a fiye da rabin waɗanda aka duba.

Ɗalibin Likitancin Dabbobi:
Da izinin manya, bari in kawo alƙaluman da muka karanta, tunda Malam lamba ya nema. A Amurka an tattara sakamakon gwajin bayan gidan karnuka sama da miliyan ɗaya da aka kai ɗakin gwaji a shekarar 2006, aka sami aƙalla nau'i ɗaya a kashi 12.5 cikin 100. Waɗannan karnukan gida ne da ake kula da su, masu lafiya da marasa lafiya a haɗe. Game da marasa lafiya zalla kuwa, akwai bincike biyu a kan Jiyadiya, wato wata 'yar ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda ke manne wa bangon ƙaramin hanji. Na farko, wanda aka wallafa a Amurka a 2006, ya duba karnuka sama da 16,000 da maguna kusan 5,000 masu amai ko gudawa, ya same ta a kashi 15.6 na karnukan da kusan kashi 11 na magunan. Na biyu, a ƙasashen Turai a 2010, ya same ta a kusan kashi 25 na karnuka da kusan kashi 20 na maguna masu irin waɗannan alamu. Ke nan za a iya cewa Jiyadiya ce ke haddasa gudawar kare ɗaya cikin kowane huɗu.

Likitan Dabbobi:
Ɗana, alƙalumanka daidai ne, amma jimlarka ta ƙarshe ta yi tsalle. Binciken cewa ya yi an same ta a jikinsu, bai ce ita ta kwantar da su ba. Ka ajiye wannan kusa da wani binciken da aka wallafa a 2020, inda aka bi wuraren shaƙatawar karnuka 288 a manyan birane 30 na Amurka aka ɗebi bayan gidan karnuka 3,006. Waɗannan karnuka ne da masu su suka fito da su wasa, suna guje-guje, ba a gadon asibiti aka same su ba, amma kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da wani nau'i, kuma Jiyadiya kaɗai tana cikin kashi 13. To ka ga kashi 15.6 a cikin marasa lafiya da kashi 13 a cikin masu wasa a fili ba su da wata tazara mai yawa. Na san shekarun sun bambanta, hanyoyin gwajin ma ba ɗaya ba ne, don haka ba zan ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ba, amma sun isa su nuna cewa kare na iya ɗauke da ita yana lafiya lau, kuma kare na iya ɗauke da ita alhali wani abu dabam ne ke kashe shi.

Wannan ba gardamar aji ba ce. Na taɓa karɓar ɗan kwikwiyo mai wata uku da aka ga ƙwan macijin ciki a bayan gidansa, aka ce ai an gano ciwon, aka ba shi maganin tsutsa aka koma gida. Bayan kwana biyu aka dawo da shi yana amai, yana gudawar jini mai ƙarni, idanunsa sun faɗa, fatar wuyansa idan ka ja ta sai ta tsaya ba ta koma ba. Cutar fabo ce, wato cutar bairos mai kisa da ke lalata hanjin 'yan kwikwiyo. Tsutsar tana nan, ba ƙarya aka yi ba, har ma takan ƙara wa fabo muni idan suka haɗu, amma kwana biyun da aka yi ana kallonta su ne kwana biyun da ya fi bukatar ƙarin ruwa.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Likita ya yi magana a kan wanda aka gani ba shi ne mai laifi ba. Ni bari in yi magana a kan wanda ba a gani ba alhali yana nan, domin shi ne ya fi kusa da matsalar Malam. Malam, ka san ta wace hanya aka duba samfurin naka? Kalmar "ba a ga komai ba" tana da daraja daban-daban.

Hanya mafi sauƙi ita ce a lakato ɗan kaɗan, abin da bai wuce kan ashana ba, a dama da ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi a leƙa ta madubin likita. Tana da amfani wajen ganin masu motsi idan bayan gidan sabo ne da ɗuminsa, amma abin da aka duba ya yi ƙanƙanta ƙwarai, kuma ta fi kowace hanya kuskure. Ta biyu ita ce a dama samfurin a ruwa mai nauyi, na sukari ko na gishiri, a bar shi ya tsaya ƙwai su taso sama su manne wa gilashi. Ta uku ita ce a yi haka amma a saka shi a injin juyawa, kuma ita ce ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Ruwan ma yana da tasiri: ruwan sukari mai kauri yana ɗago ƙwai masu nauyi, amma yana murƙushe ƙwanson Jiyadiya, wato ɓawon da take fitowa a cikinsa a bayan gida, har ya fita daga kamanninsa, shi ya sa idan ita ake nema muke amfani da ruwan zinki salfet. Bayan waɗannan akwai gwajin da ke neman sinadarin jikin ƙwayar, da wanda ke neman ƙwayar halittarta, kuma su sukan kama abin da ido ya tsallake. Idan ka ga bincike biyu a ƙasa ɗaya sun ba da lambobi masu nisa da juna, ka fara duba hanyar da kowanne ya bi kafin ka zargi karnukan.

Sannan akwai halin su kansu halittun. Jiyadiya ba kullum take zubar da ƙwansonta ba, yau ka gani birjik, gobe ka rasa ko ɗaya, don haka muke neman samfuri uku a cikin 'yan kwanaki. Tsutsa mai kama da bulala, wadda ke zama a farkon babban hanjin kare, takan yi kusan wata uku kafin ta fara ƙwai, kuma ko ta fara jefi-jefi take yi. Ƙwan nata kyakkyawa ne a madubi, kamar ɗan lemo mai toshi a kai da gindi, sai dai nauyinsa yakan hana shi tasowa idan ruwan bai yi kauri ba. Tsutsa mai ƙugiya kuwa takan fara shan jini tun kafin ta fara ƙwai, don haka ɗan kwikwiyo mai kwana goma sha wani abu zai iya mutuwa da ƙarancin jini, dasashinsa fari fat, bayan gidansa baƙi kamar kwalta, gwaji kuma ya ce babu komai.

Mai Karya Ɗaya:
Malama, na gode ƙwarai. A gabana aka yi, kuma ta farkon ce: an lakato da ɗan tsinke aka shafa a gilashi, ko minti biyar ba a yi ba. Samfurin ma tun na daren jiya ne na kai da hantsi.

Tsohon Mai Kiwon Karnuka:
To ai kun dawo kan maganata. Idan gwajin yana kuskure haka, mene ne amfaninsa? Magani ɗaya ya raba gardama.

Likitan Dabbobi:
Baba, da magani ɗaya ne ke kashe su duka da na bi ka. Firantel yana kashe macijin ciki da tsutsa mai ƙugiya, amma bai taɓa mai kama da bulala, bai taɓa tsila, balle Jiyadiya. Fenbendazol ya fi shi faɗi, yana kama mai bulala da Jiyadiya idan aka yi kwanaki ana bayarwa, amma tsilar da ƙuma ke kawowa sai firazikwantel. Koksidiya kuma, wata ƙwayar hanji da ido ba ya gani wadda ke yawan sa 'yan kwikwiyo da 'yan maguna gudawa lokacin yaye ko sauya gida, babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke yi mata komai, maganinta dabam ne. Mutum zai iya ba da "maganin tsutsa" sau uku, ya rantse ya kawar da zancen tsutsa, alhali bai ko shafi abin da ke cikin ba. Ba na musun cewa mu kanmu likitoci mukan ba da fenbendazol ga karen da gudawarsa ta daɗe ko da gwaji bai nuna komai ba, saboda dalilan da Malama ta lissafa, amma muna yin haka ne da sanin abin da muka rufe da abin da muka bari a buɗe.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ban son a riƙa ɗura magani ido rufe. A 2019 masu bincike a Amurka sun tabbatar da samuwar tsutsa mai ƙugiya da ta daina jin manyan rukunan magungunan da ake da su, kuma an fara ganinta ne a karnukan tsere da aka daɗe ana ba su magani ba ƙaƙƙautawa, daga baya ta bazu zuwa karnukan gida. Hanyar gane irin wannan ita ce a ƙirga ƙwai kafin magani, a sake ƙirgawa bayan kamar mako biyu. Wanda bai yi gwajin farko ba, ba shi da abin da zai auna na biyun da shi.

Uwar Maguna:
Sallama gare ku. Kun cika mu da zancen karnuka, alhali mai tambaya ya haɗa da maguna, kuma nasu lissafin ba ɗaya ba ne. Ina da wani muzuru da na karɓo yana ɗan wata shida daga gidan da ake kiwon maguna da yawa, ya yi wata huɗu yana bayan gida laɓo-laɓo mai wari, wani lokaci da ɗigon jini a ƙarshe, har yakan ɗiga masa ba da saninsa ba a inda ya kwanta. Abin mamaki, ƙibarsa na nan, wasansa na nan. Sau biyu ana cewa Jiyadiya ce ana ba shi metronidazol, ya yi sauƙi kwana kaɗan ya koma. Sai da wata likita ta aika samfurin gwajin ƙwayar halitta aka gano Tiritirikomonas ce, mai zama a babban hanji, wadda a madubi take kama da Jiyadiya ga wanda bai saba ba, kuma ba ta tasowa a ruwan gwaji, sanyin firiji ma kashe ta yake yi. Likitar ta gaya mini cewa a wani baje kolin maguna na ƙasa da ƙasa da aka yi bincike a kansa, wanda aka wallafa a 2004, kusan kashi 31 na magunan da aka gwada suna ɗauke da ita. Ina tambaya, irin wannan tana shiga cikin alƙaluman da ɗalibinmu ya kawo?

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Hajiya, ba ta shiga, kuma tambayarki ta taɓo inda lambobin maguna suka fi rauni. Duk binciken da ya dogara ga ɗago ƙwai a ruwa ba zai ƙirga ta ba. Haka tsila: ƙwanta ba a warwatse yake fita ba, a cikin gaɓoɓi yake fita, waɗanda mai mage kan gani a gindin wutsiya ko a shimfiɗa kamar ƙwayar shinkafa, wani lokaci suna motsi. Sau da yawa mai dabba ya fi mu ganinta. Inda aka buɗe hanjin maguna da karnukan da suka mutu aka ƙirga da ido, tsilar da aka samu ta ninka abin da gwajin bayan gidansu ya nuna. Don haka idan kin ga an rubuta cewa tsila ba ta da yawa, ki karanta shi da cewa gwajin ne ba ya kama ta. Magen da ke da ƙuma ko take farautar ɓeraye, ni dai ina ɗaukar tana da ita har sai an nuna mini akasin haka.

Kuskuren yakan zo ta ɗaya gefen ma. Kare mai cin kashin wasu dabbobi yakan fitar da ƙwai da ƙwanson da ba nasa ba, sun bi ta cikinsa ne kawai sun wuce, kuma ma'aikacin da bai lura ba zai rubuta su a matsayin cuta.

Ɗalibin Likitancin Dabbobi:
Na karɓi gyara, Likita. Amma ina da saura: idan samu ba hujja ba ne, rashin samu ma ba hujja ba ne, da me likita zai yanke hukunci a kan dabbar da ke gabansa?

Likitan Dabbobi:
Da haɗa abubuwa, ɗana. Shekaru su ne na farko, domin bincike ya nuna 'yan ƙasa da shekara ɗaya, musamman 'yan ƙasa da wata shida, sun fi manya ɗauka nesa, kuma su ne cutar ta fi kayarwa. Na biyu, ko alamar ta dace da wanda aka samu: farin dasashi da baƙin bayan gida sun dace da mai ƙugiya, majina da jan jini da yunƙuri a babban kare sun dace da mai bulala, kumburin ciki da rama a ɗan kwikwiyo sun dace da macijin ciki. Na uku, yawan abin da aka gani, domin ƙwanson koksidiya biyu a gilashi ɗaya a jikin babbar mage ba ɗaya ba ne da wanda ya cika fili a jikin 'yar mako shida. Na huɗu, abin da ya faru bayan magani. Tsohuwar mage mai shekara goma sha biyu da ke rama tana amai, ko an ga ƙwai ɗaya ko biyu, ni ƙoda da maƙoƙo da ciwon daji zan fara nema. 'Yar karyar Malam kuwa, mai wata biyar, mai gudawa da majina tana cin abinci tana rama, tana cikin rukunin da ya fi kowanne yiwuwa, kuma gwajin da aka yi mata bai isa ya wanke ta ba.

Uwar Maguna:
Likita, akwai yara a gidan da yawa daga cikinmu. Wanne ne cikin waɗannan ke tsallakowa zuwa mutum?

Likitan Dabbobi:
Hajiya, wanda na fi damuwa da shi shi ne macijin ciki. Ƙwansa ba ya kama mutum ranar da ya fito, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa ya nuna, daga nan kuma yana iya shekaru bai mutu ba, kuma yaron da ya haɗiye shi da ƙasar hannunsa 'yar tsutsar kan yi yawo a hanta ko huhu, wani lokaci ta kai ido. Wannan jinkirin shi ne sa'armu, domin wanda ke kwashe bayan gidan kullum ya yanke hanyar. 'Ya'yan mai ƙugiya sukan huda fatar ƙafa su bar jan layi mai ƙaiƙayi yana lanƙwasa. Jiyadiyar karnuka da ta maguna galibi jinsinsu dabam ne da wanda ya fi kama mutane, don haka haɗarin bai kai yadda ake tsoro ba, ko da yake ba a ce babu shi ba. Koksidiyarsu kuwa ba ta kama mutum.

Mai Karya Ɗaya:
Jama'a, na dawo da labari bayan kwana tara. Na tara samfuri uku na kwana uku a jere, kowanne sabo, na nemi a yi na injin juyawa da ruwan zinki kamar yadda Malama ta bayyana. Na farko bai nuna komai ba, na biyu ya nuna ƙwanson Jiyadiya da yawa, na uku ya nuna su tare da ƙwan mai ƙugiya 'yan kaɗan. An gwada fabo, babu. An ba ta fenbendazol na kwana biyar, yau kwana biyu da gamawa, bayan gidan ya fara ɗaurewa amma bai koma daidai ba. Baba, ka yi gaskiya cewa akwai tsutsa, sai dai maganin da na yi niyyar saya da farko firantel ne. Likita, yaushe zan sake kai samfuri?

Tsohon Mai Kiwon Karnuka:
Madalla. Ni dai har yanzu da tawa ce da tun ranar farko na ba ta, amma na rubuta sunan wancan na kwana biyar ɗin.

Likitan Dabbobi:
Malam, idan ba ka yi mata wanka a ranar ƙarshe ta maganin ba, ka yi yau, ka wanke gindin wutsiya da ƙafafun baya sosai, domin ƙwanson yana maƙalewa a gashi ta lashe shi ta sake kamuwa. Ka wanke kwanonta da shimfiɗarta da ruwan zafi, ka bar su su bushe ƙayau, tunda damshi ne ke raya shi. Saboda mai ƙugiya, ka kai sabon samfuri kwana goma zuwa sha huɗu bayan gama maganin, a bi hanyar da aka bi a wannan karon don a iya kwatantawa. Hanjin da ya yi mako uku yana fama yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya daidaita, amma idan gudawar ta dawo da ƙarfi, ko ta ƙi abinci, ko ka ɗaga leɓenta ka ga dasashin ya yi fari, kada ka jira ranar gwajin.